Zaman Damina

Ran da ruwan shuka ya sauka a Maradi
na zame a bakin kantina, ƙafa ta ce ƙas.
Maɗori ya zo daga Tibiri da kara da tsumma,
ya ɗaure, ya ce, "Nomau, wata uku ba ka taka ƙasa."
Ni da ban taɓa kwana bakwai a gari ɗaya ba
tun ina yaron mota a hanyar Ɗan Isa.

A nan kwance na tuna Bankok.
Shekara goma sha ɗaya ke nan, na je sarin takalma.
Mai sayar mini, wani gajere mai yawan dariya,
ya rufe shago da rana tsaka, ya goya ni a babur
zuwa wani gida mai jan rufi a bayan kasuwa.
Ɗansa na fari yana ciki, an aske shi ƙwal har gira,
ya yafa mayafi ruwan goro, ba takalmi,
ɗan mai takalma.
Mabiya Buda ne.
Uban ya ce in damina ta kama
ba mai fita ya kwana a wani wuri.
Wata uku suna nan, karatu da shiru,
abinci kafin rana ta take, daga nan sai gobe.
Na ce, me ya tsare su?
Ya duƙa ya nuna mini ƙasa da yatsa:
tsiro na fitowa, tana na fitowa,
ƙafa kuwa ba ta da ido.

Na yi dariya a ciki ran nan.
Na ƙirga kwana tis'in, na buga su da riba,
na ce waɗannan ba su san kuɗin jirgi ba.

Yau ga ni a zaure, ƙafa miƙe kamar taɓarya.
Makon farko ba wanda ban yi wa tsawa ba.
Tsahara ta ajiye kunu ta wuce, ba ta tanka ba.
Waya na ta ƙara, kaya sun maƙale a duwan,
har wuta ta ɗauke, caji ya ƙare,
na tura ta ƙarƙashin tabarma.

Sai na fara gani.
Tururuwa na kwashe ƙwai kafin hadari ya haɗu,
sun riga mai rediyo sani.
Ƙwayar gero da ta zube daga tiya a gefen dokin ƙofa
ta fasa ƙasa da kai ɗaya, siriri kamar allura.
An ce Gulbi ya kawo, yara sun ruga kallo,
ni na ji shi ne a muryar kwaɗi.
Autana Laminu ya zauna kusa yana rubutu.
Ashe bahago ne.
Shekararsa tara, sai bana na sani.

Ban san abin da suke nema a shirunsu ba,
alƙiblata dabam, carbina na hannuna.
Amma izu biyun da na bari tun ina saurayi
na ɗauko su, na haɗa da ƙyar,
ruwa na dukan kwano yana gyara mini numfashi.

Da maɗori ya kwance tsumma, geron nan ya yi kai,
shamuwa sun fara shirin tafiya.
Na dogara sanda na nufi kasuwa.
A kwanar Bagalam layin tururuwa ya ratsa hanya,
na tsaya.
Mai kabu-kabu a bayana yana ta oda,
"Alhaji, ƙafar ce har yanzu?"
Na ce ita ce.
Ina ara mata ido.